Shekarar da Na Cire Hannun Bilki Daga Wayata

Kun daɗe kuna faɗa a bayan idona wai taurin kai ne ya sa na hana Bilki taɓa mani waya. Wasunku har cewa suka yi tsufa ne ya fara taɓa ni. Duk ina ji. Ƙafa ce ta gaza, kunne yana nan. To ga shi yau zan rubuta da hannuna, wanda ya ga layin ya karkace ya yi haƙuri, sai da na haura sittin da biyar na fara riƙe fensir. Ban yi magana a lokacin ba don maganar ba tawa ce ni kaɗai ba. Yanzu su biyun da abin ya shafa sun ce in rubuta, shi ya sa.

Aikina kun san shi, ungozoma ce ni. Sama da shekara arba'in ina shiga gidajen Ƙofar Guga, rabin matan da ke zuwa gaishe ni yanzu ni na yanke masu cibi. Amma ku yaran yanzu kun ɗauka aikin iyakarsa reza da ruwan zafi. Innata da ta koya mani ba ta fara da reza ba, da bakina ta fara. Sai da na yi shekara biyu ina bin ta ina riƙe mata ƙwarya, tana sauraron ko wani abu da na gani a ɗakin mutane zai dawo mata ta bakin wani. Da bai dawo ba, sannan ta bar ni na taɓa mace. Don a wurinmu mace ba ta shelar ciki. Ko uwar da ta haife ta ba ta faɗa wa da baki, sai dai zane ya nuna. Ungozoma kaɗai ake kira gefe a faɗa wa, ita ma a hankali, ana kallon ƙasa. Na san wadda ta yi ɓari mijinta bai sani ba, na san gidan da na shiga na iske ba ko ƙwayar hatsi. Ba wanda ya taɓa jin ko ɗaya daga gare ni. Ban da gona, ban da shago. Wannan shirun shi ne abin da na tara.

Bilki, ɗiyata ta uku, aikin ofis take yi a Abuja. Wata ƙaramar Sallah ta zo mani da waya babba, irin mai fuskar gilashi da ba ta da maɓalli. Na ce mata ƙaramata mai tocila ta ishe ni. Ta ce da wannan zan riƙa ganin hoton jikoki, in aika saƙo da muryata ba sai na rubuta ba. Na karɓa. Sai dai ni da wayar ba mu shirya ba. In taɓa nan, wancan ya ɓace. In sa ta a lalita, in fiddo in iske ta koma wani wuri da ban sani ba. Kullum sai na kira Bilki tana cikin aiki, tana ce mani in danna abin da ke sama ta dama, ni kuma abubuwa uku nake gani a sama ta dama. Da ta gaji, zuwanta na gaba sai ta sa wani abu a cikin wayar. Ta ce akwai kwamfuta a kan teburinta a ofis, irin mai babban allo da ba a yawo da ita. In ta buɗe, fuskar wayata za ta fito mata a allon kamar a hannunta take. Sai ta ja linzamin kwamfutar, duk inda ta danna can Abuja, nan Katsina ya dannu. Da farko in za ta shigo sai wani koren abu ya fito, sai na danna shi na yarda sannan ta samu hanya. To rabin lokaci ja nake dannawa, ko kuma ina bayan gida har ya gaji ya tafi. Ni na ce ta cire wannan tambayar, ta riƙa shigowa kawai. Ta ce in tabbata. Na ce ɗiyata ce, mi zan ɓoye mata. Wannan ku rubuta shi a kaina, ba a kanta ba.

Ranar farko da ta shigo ba sallama, muna zaune a tsakar gida ni da Gwaggonku Indo, ƙanwar marigayi Malam, muna tsince shinkafa. Wayar na kan tabarma, ba mai taɓa ta, sai ta kawo haske, hotuna suka fara tafiya sama da kansu. Indo ta yi tsalle ta kifar da faifai tana neman tsari.

Na ce, "Zauna, Indo. Bilki ce."

Ta ce, "Bilki tana ina?"

"Tana Abuja."

"To wallahi gara mani aljanin, shi dai na san abin da ake karanta mashi."

Gaskiya abin ya yi mani amfani, ba zan ce bai yi ba. In sauti ya ɓace ta maido shi. In wayar ta cika ta share tarkace. Ita ke nemo mani tafsiri da azumi, ita ke karanta mani saƙon asibiti na ranar ganin likitan ƙafa. Akwai kuma guruf ɗin dangi da kuka buɗe, mutum arba'in da wani abu, har da na Jibiya da na Kaduna. In ina son yin gaisuwar mutuwa ko barka a ciki, sai in kira ta in faɗa, ina kallo haruffa na jeruwa a wayata da kansu, ta aika. Kowa ya san hannun Bilki ne, kowa kuma ya san ba ta rubuta sai abin da na faɗa. Duk abin da ya fito ta lambata, maganata ce. Shekara ɗaya da rabi muna haka.

Yanzu sai Asiya, matar yayanku. Shi ba zan rubuta sunansa ba, ɗan fari ne, ban taɓa faɗa da baki ba, ba kuma fensir ne zai sa in fara ba. Shekara shida da aurensu, ciki uku, duka suka zube. Kowane ɗaya dangi sun ji da wuri. Wannan ta kawo jiƙo, waccan ta kawo rubutu, wata ta zo ta zauna tana kallon cikin yarinya tana tambaya ko yana motsi. In ya zube kuma su dawo jaje, da irin kallon nan da ya fi zagi. A na ukun ni na zauna da ita, ni na gyara ta, ni na wanke zannuwan. Suruka ce, akwai kunya tsakaninmu, ko abinci ba ta ci a gabana. Amma a ranar ta riƙe mani hannu ta ce in Allah ya sake ba ta, ba mai ji sai ya fito da kansa. Na ce haka ya kamata tun farko.

Wata Talata da safe sai ga saƙo daga gare ta, hoto ɗaya da murya ɗaya. Na kai wayar kunne.

"Inna, ina kwana. Ki duba hoton nan, jiya aka yi mani a asibiti. Wata uku ne. Daga ni sai shi sai ke. Don Allah, Inna."

Sau uku na saurara. Na buɗe hoton, baƙi da toka-toka, da wani ɗan abu kamar wake a tsakiya, da rubutu a sama wanda ban san mi ya ce ba. Ni hannuna ya fi gane ciki a kan irin wannan hoto, amma na daɗe ina kallonsa. Na yi hamdala. Sai na tuna ana jirana gida na uku da namu, wankan jaririn kwana biyu. Na sa wayar a caji a ɗaki, hoton na buɗe yadda yake, na ja ƙofa na fita.

Kafin azahar na dawo na iske Indo a tsakar gidana tana rangaɗa guɗa, wayar kuma na ta ruri a ɗaki. Ta ce ashe na iya albishir, ita har ta aika a sayo mata sassaƙen da za ta jiƙa wa Asiya. Na tambaye ta wa ya faɗa mata. Ta ce ni mana, a guruf, da hoto da komai. Na shiga ɗaki na rufe, na kira Bilki.

Ta ɗauka da dariya, tana yi mani barka. Ta ce ta shigo ne ta share tarkace, sai ta iske hoton a buɗe, ga sunan Asiya a sama da yawan makonnin, da Turanci. Ta ɗauka ƙoƙarin turawa guruf nake na kasa kamar kullum. Ta kira ni sau biyu ban ɗauka ba, murna ta hana ta jira, ta tura ta rubuta a taya mu addu'a. Na tambaye ta ko ta saurari muryar da ke ƙarƙashin hoton. Ta ce ai kwamfutar fuskar wayar kaɗai take nuna mata, sauti ba ya zuwa can. Ta ga akwai murya, amma ba ta ji abin da aka ce ba. Sai na faɗa mata abin da aka ce, kalma da kalma.

Ta ce, "Inna, bari in goge yanzu."

Na ce, "Goge shi daga cikin Indo in gani."

Ta fara kuka, ta ce za ta kira Asiya ta faɗa mata ita ce. Na ce in ta kira ban yafe ba. Wannan shi ne abin da ba ku sani ba, kuma ga dalilina. Ni tafiya zan yi, yau ko gobe. Bilki da Asiya su za su zauna, su za su aurar da ɗiyan juna, su za su yi wa juna zaman makoki. In Asiya ta ji ƙanwar mijinta ce ta watsa mata ciki, kuma cikin ya zo ya zube, wannan ba ya gyaruwa har jikoki. Na ga gidajen da abin da bai kai wannan ba ya raba. Na biyu kuma, Asiya ba Bilki ta ba amana ba, ni ta ba. Ni na karɓa na ajiye a ɗakin da na cire wa ƙyaure da hannuna. Asiya ta san Bilki na taimaka mani da waya, amma ta ɗauka sai na kira ta. Ba ta san tana shiga ko ina nan ko ba na nan ba, ni kuma ban taɓa tunanin in faɗa wa matan da ke turo mani maganarsu ba. Ungozomar shekara arba'in, wannan bai zo mani a kai ba.

Bayan la'asar na hau kurkura, keke mai ƙafa uku, na je gidansu Asiya. Asiya ta durƙusa ta gaishe ni, gaisuwa cikakkiya, da gida da ƙafa da mutanen unguwa, ba ta tsallake komai ba. Ta kawo ruwa. Wayarta na gefe a kife tana ta ƙara, ba ta duba ba. Ni ma ba ta dube ni ba.

Na ce, "Daga wayata ya fita. Laifina ne. Ki yafe mani."

Ta ce, "Ba komai, Inna."

Na san irin wannan ba komai ɗin, na sha faɗin shi da ƙuruciya. Yayanku ya raka ni bakin titi, sai da zan hau sannan ya ce da wani ne ya faɗa mashi ni zan yi haka, da ya ƙaryata. Na ce to ga shi ka gani.

Washegari na kira Bilki na ce ta cire hannunta daga wayata gaba ɗaya. Ta roƙe ni, ta ce za ta maido koren abin nan da ke neman izini, ba za ta ƙara shiga ba sai na yarda. Na ce mata izinin wanda bai iya karanta abin da yake yarda da shi ba, ba izini ba ne. Ta ce to wa zai riƙa gyara mani. Na ce ni. Ta yi 'yar dariya cikin kuka, don ta san ko sunana ban iya ganewa a takarda. Na ajiye wayar a cinya ina kallo. Shafuka suka buɗe, suka rufe, wani ɗan hoto mai launin shuɗi ya girgiza ya ɓace. Daga nan wayar ta tsaya cak, ba ta ƙara motsi da kanta ba.

Na biya kuɗin wannan shawara, ba da naira ba. A satin wayar ta yi shiru, ban san mi na taɓa ba, kwana goma sha ɗaya ba ta yi ƙara ba. Na ƙi ba kowa ya duba, don akwai muryoyin mata a ciki. Haihuwa biyu aka neme ni ba a same ni ba. Magana kuma ta zaga unguwa, wai bakin Hajiya ya buɗe da tsufa, surukarta ma ba ta bari ba balle bare. Wata da na karɓar wa haihuwa huɗu ta wuce ni a lungu cikin ƙaton hijabi, ta gaishe ni, ta ja cikinta ta kai wa wata. Ban ga laifinta ba. A wata na biyar Asiya ta ga jini, aka kwantar da ita asibiti, sai bayan kwana biyu na ji, shi ma a bakin yayanku. Na je, uwarta ta tare ni a baranda da fara'a ta ce barci take. Na zauna a benci har aka kori masu dubiya. A kwanakin nan na san in cikin ya tafi, ba wanda zai ce jini ne ko ƙaddara, cewa za a yi baki ne, kuma an san wanda ya buɗe wa bakin hanya. Allah ya tsare. A wata na bakwai ta koma gidansu a Ƙofar Durbi goyon ciki, ta haihu a asibiti, mace. Na ji labari kamar yadda maƙwabta suka ji. Wankan farko wata gwaggon Asiya ta yi. Duk cikin jikokina ita kaɗai ce ban fara zuba wa ruwa ba, kuma ita ce aka fi daɗewa ana jira.

A cikin wannan ne na shiga ajin yaƙi da jahilci na mata, wanda ake yi da hantsi a makarantar Islamiyya ta bayan gidanmu kafin yara su zo. Mai koyarwar, Malama Saude, ni na karɓi haihuwarta, da ƙafa ta fito, ta ba ni wuya. Da ta gan ni a bakin aji ta miƙe ta ɗauka wani abu ne ya faru a gidansu. Na ce karatu na zo. Ta kawo mani kujera, na ce tabarma kamar kowa. Ta fara da haruffa, a da ba, na yi sati ina bi, sannan na tsayar da ita na miƙa mata wayar daga nesa, ban sake ta ba. Na ce ta nuna mani inda zan danna wayar ta koma Hausa, ta nuna da tsinin biro, na danna da kaina.

Na ce, "To koya mani kalma uku tukuna. Aika, da goge, da fasa."

Ta ce, "Hajiya, ba haka tsarin yake ba."

Na ce, "Ke ma ba bisa tsari kika fito ba, na karɓe ki."

Ajin duka aka yi dariya, ta koya mani. Idona ya sha wuya, sai da aka yanka mani gilashi. Yatsuna sun saba da riƙe jariri mai santsi, amma fensir ya fi ƙarfinsu wata da watanni. Na maimaita aji ɗaya sau biyu, 'yan matan da muka fara tare suka wuce suka bar ni. Ban fasa ba.

Tsakanina da Bilki kuwa, wayarmu ta koma gajera. Gaisuwa, ya ƙafa, sai an jima. Kunya ce ke cin ta, ga kuma ciwon na hana ta wanke kanta ta hanyar faɗin gaskiya. Ku kuma kuka ga tana baƙin ciki kuka bi bayanta, kuka ce yarinya ta yi ɗawainiya na saka mata da wulaƙanci. Ita ba ta iya gyara maku, ni ban ga dama ba. To ku sani, ba mugunta ta yi ba, murna ce ta yi mata yawa, kuma abin da ta sa mani a waya ba mugun abu ba ne. Wanda tsohuwarsa ba ta riƙe maganar kowa ya sa mata, amma ya bar abin nan mai neman izini, ya kuma zauna ya koya mata abin da yake cewa. A Sallar layyar da ta wuce Bilki ta karya mani doka, ta faɗa wa Asiya da bakinta, su biyu a madafa suna suyar nama. Ba na wurin. Na dai ga sun fito ido jawur suna cewa hayaƙi ne.

Amma abin da nake so ku riƙe ya faru kafin nan da shekara guda, lokacin Asiya ba ta san komai ba, a saninta har lokacin ni ce na sa aka watsa ta. Ɗiyar da ta haifa ta fara tafiya a lokacin. Wata safiya da hantsi Indo ta zo, muna zaune da wasu mata biyu na maƙwabta, sai wayar ta yi ƙara a lalitata. Na fiddo, na sa gilashi. Sunan na fara karantawa, Asiya. Rabon da ta aiko mani wani abu tun waccan Talatar. Wannan karon ba murya ba ce da na kusa zai ji, rubutu ne, layi huɗu. Yayanku ya faɗa mata ina zuwa aji, ban san ta riƙe ba. Na juya wa mutane baya na bi shi harafi harafi da yatsa, bakina a rufe, don Malama Saude ta sha faɗa mani in daina karatu da ƙarfi. Ya ɗauke ni lokacin da tukunyar shayi za ta tafasa. Na koma farko na sake bi don in tabbata.

Indo ta ce, "Kina ta fama, kawo a karanta maki mana."

Na ce, "Na karanta."

Na rubuta mata kalma biyu, ina zuwa, na danna aika. Na koma kan saƙonta na danna goge, wayar ta tambaye ni ko na tabbata, na karanta tambayar, na amsa. Na shiga ɗaki na ɗauko mayafi da takalmi. Indo ta biyo ni har zaure tana tambaya wa ya aiko, lafiya, ina za ni da wannan ƙafar. Na ce mata unguwa za ni, in ta tashi tafiya ta ja mani ƙofa.

Abin da ke cikin layi huɗun nan kuwa, kada ku wahalar da kanku kuna duba shafi na gaba. Ba ya cikin littafin nan.